Dalmar da ke gadin kubit

A Anka da Bukkuyum ba a ambaton dalma da sakin fuska. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a tsakar gida, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, ta kashe yara wajen 400. Sai ga shi wannan ƙarfe ya samu aikin gadi a ɗakunan da ake ƙera kwamfutar kwantum.

Abin da yake gadi sunansa kubit, wata 'yar mitsitsiyar da'irar lantarki ta alminiyam da ake sanyayawa har kusan digiri 273 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi lantarki na ratsa ƙarfen babu turjiya, kuma da'irar tana iya riƙe 0 da 1 a haɗe lokaci guda. Haɗin ne ba ya daɗewa. Mai sayar da ƙanƙara a Gummi da bazara ya san wannan fargabar: buhun da ya lulluɓa ba ya hana narkewa, jinkiri kawai yake saya.

Kubit ɗin da Yasunobu Nakamura da abokan aikinsa suka gwada a kamfanin NEC na Japan a 1999 yana wargajewa ne cikin kamar kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Yau mafiya kyau suna kaiwa kashi ɗaya cikin dubu. A ganina wannan jinkirin da aka samu ya fi yawan kubit da kamfanoni ke alfahari da shi muhimmanci.

Masana suna kiran duk abin da ke ɓata haɗin hayaniya: ɗan ɗumi, girgizar maganaɗisu, lahani a fatar ƙarfen. Akwai kuma tiririn nukiliya mai fitowa daga kankaren bango da sararin samaniya. Ƙwayoyin lantarki a ƙarfen mai sanyi bibbiyu suke tafiya. Tiririn na bugowa sai ya raba su, lissafi ya lalace. A 2020 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka kare na'urarsu da bulon dalma, suka ga hayaniyar ta ragu. Abin da ya gagari dalma, wato tiririn sararin samaniya, wasu sun guje masa ta hanyar sauka ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, zurfin mita 1,400.

Sabuwar dalma ma tana da nata tiririn. Shi ya sa wani gwajin daban a Gran Sasso yake amfani da dalmar Rumawa, wadda aka tsamo daga jirgin ruwan da ya nutse kusa da Sardiniya shekara wajen 2,000 da suka wuce.