Bitamin D Ga Masu Tarin Fuka Da Ƙanjamau: Ko Kuɗin Na Biyan Bukata?

Mubi, Jihar Adamawa: A Duvu da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, inda noma da kiwo suke riƙe da gida, magidancin da tarin fuka da ƙanjamau suka haɗu masa yakan rasa aikin damina guda. Maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, amma kuɗin mota da abinci suna wuyan iyali. Don haka tilas a auna kowace naira kafin a sayi ƙwayoyin bitamin D a kemis.

Tunanin cewa sinadarin yana taimako ya daɗe. A shekarar 1848 likitocin asibitin Brompton da ke Landan sun gwada man hantar kifi, mai ɗauke da bitamin D, a kan masu tarin fuka. Bugu da ƙari, an tabbatar cewa rifampicin, jigon maganin tarin fuka, da efavirenz, maganin ƙanjamau da aka daɗe ana bayarwa, suna rage yawan sinadarin a jini.

Sai dai manyan gwaje-gwaje ba su cika wannan fata ba. A Gini Bisau, binciken da aka wallafa a 2009 kan masu tarin fuka 365, waɗansunsu masu ƙanjamau, bai nuna raguwar mace-mace ba. A Darussalam ta Tanzaniya, an bi mutane 4,000 masu ƙanjamau da suka fara shan magani, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cewa bitamin D bai rage mutuwa ko kamuwa da tarin fuka ba. Haka nan a Mongoliya, inda yara 8,851 suka shiga gwaji na shekara uku.

Wannan ba ya nufin sinadarin ba shi da amfani. Wanda likita ya gano yana da ƙarancinsa yana bukatarsa domin ƙarfin ƙashi, amma shansa fiye da kima yana tara sinadarin kalsiyam a jini, ya cutar da ƙoda. Fatar mutum tana samar da shi daga hasken rana, ana kuma samunsa a kifi da gwaiduwar ƙwai.

Abin da aka tabbatar yana ceton rai shi ne kammala maganin tarin fuka ba fashi, fara maganin ƙanjamau da wuri, da shan cotrimoxazole. Akwai kuma bitamin B6 da ake haɗawa da isoniazid domin kare jijiyoyi.

Saboda haka, iyalin da ke da ɗan abin hannu kaɗan gara su sa shi a kuɗin zuwa asibiti da abinci mai gina jiki, kamar wake, gyaɗa, nono da ƙwai. In kuwa likita ya rubuta bitamin D, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kwalin kafin a biya.