DOGARAWAN DA KE CIKIN JIKI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna abin da na koya a kwance.

Bara zazzaɓin dengi ya kā da ni, har na zaci ƙasusuwana sun kakkarye. Likita ya ce babu maganin da ke kashe ƙwayar, jiki ne ke yaƙin da kansa. Da sauro ya zuba ta, sai inda ta fara sauka ya saki wani furotin mai suna intaferon, wanda aka gano a Ingila cikin 1957. Aikinsa shela ne, maƙwabta su ji su rufe ƙofa. Ita kuwa ƙwayar tana da nata furotin mai toshe kunnen gidan da ta shiga.

Abin tsoro, dengi iri 4 ne. In wani irin ya zo daga baya, dogarawan da jini ya tanada domin na farko su kan riƙe shi ba su kashe ba, har su shigar da shi gida, ciwo ya tsananta.

Sabo da haka wanda ya warke kada ya saki jiki. A rufe randuna, don nan sauron ke haihuwa. A guji asfirin, don ya kan jawo zubar jini.

Haza wasalam.

Ni ne,
Wani Akawu.