Masu Gida Sun Faɗi, Baba Bai Sauya Riga Ba

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye wannan mujalla a tsakanin littattafan karatu. Na san da yawanku da ganin kan maganar nan za ku taɓe baki ku ce, "Yau kuma ita wannan da muka sani da labarin soyayya, me ya kai ta ga ƙwallo?" To ku yi haƙuri ku biyo ni a sannu, domin shi ma wannan labarin soyayya ne, kuma a cikin gidanmu ya faru, har da hawayena a ciki.

Mahaifinmu mai sayar da yadi ne a Kantin Kwari, mutum mai kawaici wanda sai ki wuni da shi ba ki ji ya ɗaga murya ba. Amma fa ranar da Kano Pillars ke da wasa, sai ki rantse sauya mana shi aka yi. In a gida ne, da ya idar da azahar zai saka wata riga rawaya da kore a ƙarƙashin kaftaninsa, ya nufi filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. In kuwa a waje ne, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya kara rediyo a kunne, kuma duk yaron da ya yi kuka a lokacin nan ya san sauran. Tun yana yaro ƙungiyar Raccah Rovers yake bi, wadda ta ɗauko wa Kano kofin ƙasa a 1978. Da aka haɗe wasu ƙungiyoyi uku na Kano aka kafa Pillars a 1990, sai ya riƙe ta, shekaru kafin ya auri Ummanmu. Shi ya sa har gobe Umma take cewa, "Ai Pillars ce uwargida, ni amarya ce, na kuwa san matsayina."

Mu da muka taso a lokacin daɗi ba mu san wata wahala ba. A 2008 suka ɗauki kofin gasar ƙasa. A 2009, ina 'yar firamare, suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali a lokacin ita ke riƙe da kofin: ɗaya da ɗaya a Kano, biyu da biyu a birnin Alƙahira. Ban san ma'anar abin ba a sannan, abin da na sani kawai shi ne Baba ya shigo da tsire cikin takarda, har maƙwabta sai da suka samu. A shekarar sai da suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da su. Daga nan kuma sai kofi sau uku a jere, 2012, 2013, 2014. Kusan shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, wasa sama da 200, babu ƙungiyar da ta zo Kano a gasar ta ci su a gida, sai da Nasarawa United ta karya wannan lagon. Kin ga ke nan kirarin "Sai Masu Gida" ba a banza aka yi musu shi ba. A lokacin kowa ɗan Pillars ne, har waɗanda ba su san bambancin gola da alƙalin wasa ba. Ko a 2019 sai da suka ɗauko kofin ƙalubale a Kaduna, bayan sun doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

To amma Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Da annobar korona ta zo a 2020, aka mai da filin Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya, Masu Gida suka zama baƙi, wasansu na gida sai a Kaduna. Ki duba fa, ƙungiyar da ƙarfinta shi ne ihun mutanenta, a ce an raba ta da su. Ahmed Musa, wanda daga Pillars ɗin ya tafi Turai bayan ya zama sarkin cin ƙwallaye na gasar a 2010, ya dawo ya buga musu a 2021, gari ya ɗauka, amma abin bai ɗore ba. Da aka samu aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United, sai wasu 'yan kallo suka ta da hargitsi har aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta zaftare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma tura ta Abuja ta ƙarasa wasanninta na gida. Ranar na ga ɓacin ran Baba irin wanda ban taɓa gani ba. Ya zauna ko takalmi bai cire ba, ya ce da Yayanmu, "Waɗannan ba masoya ba ne. Wanda yake sonka ba ya jawo maka hukunci da hannunsa. Son a ci suke yi, shi ya sa da an hana su sai jifa."

Na riƙe wannan magana, ban san ranar amfaninta tana tafe ba.

A wannan lokacin akwai wani bawan Allah da yake zuwa zance wurina. Ba zan ɓoye muku ba, ina sonsa, so kuwa mai tsanani, irin wanda in kin ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida sai gabanki ya faɗi, ki nemi kwalli ki rasa alhali yana hannunki. Ɗan gayu ne, ga iya magana, ga turare. Da ya fara zuwa a 2021, rigar Chelsea yake sakawa, domin a shekarar suka ɗauki kofin zakarun Turai. Da Real Madrid ta doke Liverpool ta ɗauki kofin a watan Mayun 2022, sai ga shi da farar riga. Autanmu, wanda shi ke kai mana tabarma da ruwa zaure, bakinsa kuma ba ya shiru, ya ce, "Yaya, ina shuɗiyar?" Ya yi dariya ya ce ai ta tsufa. A cikin hira kuma na ji cewa da can ɗan Manchester United ne, ya bar su bayan Ferguson ya yi ritaya a 2013, da ya ga kofin Firimiya ya daina zuwa. Ni dai a lokacin dariya na yi, kin san so hana ganin laifi.

A watan Yulin 2022 aka kammala gasa, Pillars ta faɗa rukunin gajiyayyu, ita da Katsina United da Heartland da MFM. Ranar da labarin ya tabbata Baba ya kashe rediyo da kansa, ya yi alwala ya tafi masallaci tun kafin a kira magariba. Umma ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da ya fi so, ya ci loma uku ya ture. Da daddare mutumina ya zo, tun daga bakin zaure yake dariya.

"Gimbiya, ina tsohonmu? Yau sai a yi masa jaje, Masu Gida sun koma haya."

Na ce, "Haba dai, ai abin tausayi ne."

Ya ce, "Tausayin me? Ni fa wallahi ba na wahalar da zuciyata. Abu in ya daina ci, barinsa nake na kama mai ci. Rayuwar nawa take?"

'Yar uwa, kin taɓa jin magana ta shige ki kamar ruwan sanyi a haƙori mai ciwo? Shi wasa yake yi, na sani, kuma a kan ƙwallo yake magana. Amma ni sai na ji kamar wani ya buɗe mini taga a cikin ƙirjinsa na leƙa. Na tuna ni ma na taɓa daina ci. Da na gama sakandare lissafi ya kayar da ni, ƙawayena suka wuce, na zauna a gida shekara guda ina jin kunyar fita ko gidan biki. Na dube shi cikin farar rigarsa na ce a raina, da a shekarar nan ya same ni fa?

Da ya tafi na shiga na tarar da Baba a tsakar gida, rigar nan rawaya tana jikinsa, duk ta koɗe, wuyan ma ya saki. Na durƙusa na ce, "Baba, yanzu shike nan?"

Ya ce, "Shike nan me, Uwata? Aji suka faɗi, ba mutuwa suka yi ba. Ke da kika faɗi lissafi korar ki na yi, ko kuɗin sake jarrabawa na nemo?"

Na rasa abin cewa sai hawaye. Shi ya ɗauka Pillars nake yi wa kuka, har yana lallashina wai za su dawo.

Ba a yi wata biyu ba, a wannan daminar, ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dukiyar 'yan kasuwa, har da ta Baba. Atamfofi da shaddodin da ya karɓo bashi suka lalace, waɗanda suka tsira kuma aka sayar da su a wulaƙance. Gidan da ake ɗora tukunya sau uku ya koma sau biyu, maganar kayan ɗakina kuwa da Umma ta fara tarawa sai aka jingine ta. Ban kori mutumina ba, kada na yi muku ƙarya na mai da kaina jaruma irin ta littafi. Jira na yi. Mai zuwa sau uku a mako ya koma sau ɗaya, ɗayan ya koma saƙon waya, "aiki ya yi yawa", daga nan sai shiru. Maganar turo magabata da ya yi ta nanatawa ta bi ruwa. Na yi kuka, na rame, har Umma ta fara yi mini tofi a ruwa. Kafin azumi ya zagayo na ji an sa masa rana da wata a unguwar gaba da tamu. Allah ya ba su zaman lafiya, da zuciya ɗaya na faɗa, ko da yake sai da na shekara kafin bakina ya iya furta hakan.

To a nan sai na ja kunnenku, kada wata ta tashi gobe ta titsiye saurayinta da tambayar ƙungiya nawa ya taɓa bi, ta ce ni na koya mata. Ga Yayanmu nan, tun yana ɗan yaro yake bin Arsenal, daga 2004 har zuwa shekarar da nake ba ku labari ba su ƙara ɗaukar Firimiya ba, an yi masa tsiya a gidan kallo har ta ƙare, bai taɓa sauya riga ba. Amma 'yan mata kuwa? Uku na sani da bakina, ban da waɗanda Auta ya ƙirga. Ashe ke nan rigar ba ita ce ma'auni ba. Abin da na ce ki saurara shi ne dalilin da mutum yake bayarwa in ya bar abu, da yadda yake maganar wanda ya faɗi. Namiji yakan kintsa bakinsa in yana maganar aure, ya zaɓo kalmomi masu zaƙi kamar mai zaɓen tumatir. In ana hirar ƙwallo kuwa sakin jiki yake yi, a nan za ki ji ainihin muryarsa.

Haka kuma kada a juya mini magana a ce na ce mace ta zauna ana cutar ta da sunan riƙon amana. Ƙungiyar da ta faɗi ba ta zage ka ba, ba ta dake ka ba, ƙafa ce ta gaza. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya gaza da wanda ya zalunta. Shi kansa Baba ba wai shiru yake yi ba, ku zo ku ji shi a majalisa yana faɗan yadda aka yi sakaci da 'yan baya, ko yadda aka bar Rabi'u Ali Pele yana ɗauke da ƙungiya a kafaɗarsa shekara da shekaru. Yana faɗan, yana kuma neman canjin kuɗin shiga fili a aljihu.

Shekarar da suka yi a ƙasa ita ce ta fi ba ni mamaki. Majalisar su Baba da take cika maƙil ranar wasa ta koma mutum huɗu. Masu tsokana in sun wuce rumfarsa sai su ce, "Alhaji, yau da wa ake yi, da 'yan unguwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." A daidai lokacin yana ta fama da biyan bashin yadi, kaɗan kaɗan, duk ranar Asabar ya ƙulle abin da ya samu a leda ya kai wa mai kaya. Wani lokacin batirin rediyo ma sai ya cire na tocila. Ni kuwa da ba ni da mai zuwa zance, sai na koma zama kusa da shi a tabarma, ina rubutuna a littafi mai layi, yana fassara mini abin da ake faɗa. A nan na koyi mece ce satar gida, a nan kuma na rubuta rabin littafina na biyu.

A 2023 Pillars ta dawo babbar gasa. Unguwa ta kaure da ihu, 'yan babur suna ta hon, waɗanda suka ɓace daga majalisa sai ga su da sababbin riguna har da lamba a baya, wani ma yana rantsuwa shi bai taɓa cire rai ba. Na zaci Baba zai yi musu gori, ni da a ce ni ce sai na yi. Matsawa kawai ya yi ya ba su wuri a benci.

Da ya shigo gida babu tsire a hannunsa, don har lokacin da sauran bashi. Ya cire rigar ya miƙo mini ya ce, "Uwata, a wanke mini wannan, amma a bi ta a hankali, hammatar ta fara yagewa." Na ce, "Baba, in littafina ya fito zan saya maka sabuwa." Umma daga bakin murhu ta ce, "Ki dai saya wa kanki mayafi, wannan uwargidan ba mai fitar da ita." Na ɗauko allura da zare rawaya na zauna a bakin ƙofa.