Idan Injin Motar Agaji Ya Gaji: A Gyara Ko A Sauya?

Dattawan ikilisiyoyi da dama a yankin Jibiya sun tambaye mu abin da ya kamata a yi da tsohuwar a-kori-kura idan injinta ya soma shan baƙin mai, ga kuma baitulmali ba nauyi. Tambayar tana da muhimmanci, domin motar nan ita ke kai hatsi da taki ƙauyuka, ita ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti a Katsina. Kowa kuma ya san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa yankin nan. Mota ta mutu a daji da yamma, rayuka ne a cikin hatsari.

Kuɗi ma ya ƙara wuya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsada. Saboda haka dole a yi lissafi kafin a taɓa kuɗin baiko.

A fara da bincike

Ba kowane hayaƙi ke nufin inji ya mutu ba. Baƙin hayaƙi a injin dizal yawanci daga nozul ne, ko famfon mai, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Farin hayaƙi tare da ƙarewar ruwan lagireto yakan nuna gaskit ya ƙone. Shuɗin hayaƙi ne ke nuna inji yana ƙona baƙin mai. A sa bakanike ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, a kuma ji ta bakin bakanike na biyu wanda ba shi da injin sayarwa.

Hanyoyi uku

1. Garambawul. Ana buɗe injin, a canza ringi da gaskit da duk abin da ya cinye. Idan gangar injin ba ta tsage ba, wannan yakan fi sauƙin kuɗi, lambar inji kuma ba ta canzawa. Matsalarsa ita ce jabun kaya, sannan ba a sanin ainihin kuɗin sai an buɗe. A aiki dattijo guda ya raka bakanike sayen kaya, a karɓi rasit.

2. Injin Beljiyam iri ɗaya da na motar. Ana samunsa a kasuwanni kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Yana zama daram a mazauninsa, aikin kuma ba ya daɗewa. Amma ba wanda ya san tafiyar da ya yi a ƙasar da ya fito, wani ma a nan gida aka wanke shi aka fesa masa fenti. Kada a biya sai an tayar da shi an ji ƙararsa, an duba baƙin mansa, an kuma rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji.

3. Sa wani inji dabam. A tsofaffin Toyota Hilux, alal misali, akwai masu cire 22R mai fetur su sa 3L ko 5L masu dizal. Wannan yakan jawo canjin mazaunin inji, wayoyi, batir, bututun mai, wani lokaci har giya. Kuɗin waɗannan ƙananan abubuwa shi ke cinye kasafi. Ba mu ba da shawararsa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Maganar takardu

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙarin abin lura. Motar da ke bin hanyar Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi tana wuce shingayen jami'ai da yawa, kuma suna iya gwada lambar inji da ta takarda. Duk wanda ya sauya inji, ya ajiye rasit mai ɗauke da lambar, ya je ofishin rajistar motoci a gyara takardu. Wanda zai sayo daga Maraɗi, ya tabbata ya biya kuɗin kwastan. A tuna kuma an rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Injin da ba a samun kayansa sai a tsallaken iyaka yana iya ajiye mota wata da watanni.

Shawararmu

A duba sauran motar tukuna. Idan shasi ya ruɓe ko giya ta lalace, sabon inji ba zai cece ta ba, gara a sayar a tara kuɗin wata. Idan jikinta da ƙwari kuma gangar inji lafiya, a yi garambawul. Idan gangar ta tsage, a nemi Beljiyam iri ɗaya, wanda bakaniken Jibiya ko Katsina ya san hannunsa. A cikin lissafi a haɗa kuɗin ɗauko inji, aikin hannu, lagireto, kulochi, baƙin mai, takardu, da hayar wata mota a kwanakin gyara. Araha ba ta ado.

A Luka 14:28 Ubangiji ya koya mana mu zauna mu ƙidaya abin da gini zai ci kafin mu sa harsashi. Kwamiti ya rubuta lissafin, a karanta a gaban jama'a, sannan a buɗe asusun gyara da za a riƙa zuba wani abu a kowace tafiya. Allah ya kiyaye direbobinmu a hanya. Amin.