Kafin Ka Sayi Kwale-kwale: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Duk mai noman shinkafa a fadamar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya san akwai watannin da gona ba ta zuwuwa sai da jirgi. Daga Agusta zuwa Satumba, in Gulbin Rima ya cika ya malala, hanyar da babur ke bi da rani sai ta koma ruwa, balle a ce an saki ruwa daga dam ɗin Goronyo. A lokacin ne mutum ke fara lissafin kuɗin fiton da yake biya kullum, ya ce gara ya mallaki nasa. Tunani ne mai kyau. Sai dai jirgi ya bambanta da sauran kayan aiki, domin duk wanda ya taka cikinsa ya damƙa maka ransa ne. Saboda haka ka ɗan dakata mu bi abin daki-daki.

Wane irin jirgi ya dace da kai?

Ruwan da za ka bi da kayan da za ka ɗauka su ne za su zaɓa maka.

Akwai na sassaƙa, wanda ake rarake gungumen ice guda. Ba shi da haɗi, don haka yoyonsa kaɗan ne, kuma yana shiga lungun fadama inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Aibinsa ƙunci, ga saurin juyewa a hannun wanda bai saba ba. Manyan itatuwan da ake sassaƙa shi da su ma sun yi wuya a ƙasar Kabi.

Akwai na katako, wanda kafinta ke jera allunan katako ya haɗa da ƙusa ya toshe tsakaninsu. Shi ya fi yawa yanzu. Ya fi faɗi, ya fi ɗaukar kaya, ana kuma iya ɗaura masa inji a baya. Sai na faiba, wato wani abu mai kama da roba mai tauri da ake zubawa a masana'anta. Ba ya ruɓewa, amma yana da tsada, kuma in ya tsage ba kowane kafintan bakin gulbi ne ke iya gyara shi ba.

Wataƙila ka ga jiragen shaƙatawa masu tafiya da iska a talabijin, waɗanda ake ɗaura wa ƙaton ƙyalle. Waɗannan suna son ruwa mai zurfi da faɗi. Gulbinmu kuwa kwana-kwana gare shi, da rani kuma yashi ke fitowa a tsakiyarsa. Nan aikin filafili ne, wato icen tuƙi mai faffaɗan baki, da doguwar sandar da ake dogarawa a ƙasan ruwa.

Yaya za ka gane mai kyau?

Kada ka tafi kai kaɗai. Nemi tsohon masunci ko mai fito wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ka biya shi ladan rana. Idonsa zai ga abin da naka ba zai gani ba.

In sabo za a ƙera maka, fara tambayar icen. Maɗaci da kawo suna da nauyi da juriya a ruwa. Rimi sakayau ne, ga araha, amma ba ya daɗewa. Ka tabbata katakon ya bushe kafin a buga shi, domin ɗanye yana tsukewa daga baya, haɗin ya buɗe baki.

In na hannu ne, a fito da shi tudu a kife shi. Mai sayarwar da ya ce "Malam, ai ga shi kana gani a kan ruwa, ba sai an wahala ba," ka gode masa ka wuce. Ƙwanƙwasa cikinsa da ƙotar wuƙa tun daga gaba har baya. Ice mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Inda ka yi shakka, danna tsinin wuƙar. In ta nutse ba gardama, wurin ya mutu. Ka fi matsa wa kusurwoyin ƙasa da bayan jirgi, inda ruwa ke kwanciya. Dubi kan ƙusoshi: baƙin zobe a kewayen ƙusa alama ce tsatsa ta ci ta, ta ci icen. Sabuwar kwalta mai kauri da aka malala a wuri guda ita ma abin tambaya ce, me aka rufe a ƙarƙashinta?

Daga nan a mayar da shi ruwa, a kwarfe shi tas, a ɗora nauyin da kake nufin ɗauka, ku zauna kamar awa guda. Ɗan gumi a ƙasan jirgin katako ba laifi ba ne. Amma in kana ganin inda ruwa ke tsartuwa, ko jirgin ya karkata gefe guda alhali an raba kaya daidai, to araha ba ta ado.

Inji fa, dole ne?

Ba dole ba ne. Mai tsallaka gulbi zuwa gona ko mai jefa birgi kusa da gida, filafili da sanda sun ishe shi. Inji na mai tafiya mai nisa ne da mai ɗaukar fasinja.

Ana auna ƙarfin inji da doki, ka ji an ce doki 15 ko doki 40. Babban inji a ƙaramin jirgi haɗari ne, yana danne baya ya ɗaga gaba. In za ka sayi na hannu, kada ka yarda a tayar da shi a tudu, domin da ruwa yake sanyaya kansa, kuma 'yar robar da ke tura ruwan tana ƙonewa nan da nan in ta juya a bushe. A sa ƙafarsa cikin duro ko gulbi. Akwai ƙaramin rami a gefensa da ke tsartar da ruwa muddin yana aiki. In bai tsarto ba, a kashe shi. A kwance kuma ƙusar man giya ta ƙasa a duba: in man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa na shiga ciki.

Yawancin ƙananan injinan Yamaha da ake gani a kwata ana gauraya musu fetur da man inji ne a tanki guda. Ga da yawa daga cikinsu ma'aunin shi ne lita 1 ta mai ga lita 50 ta fetur, wato rabin lita ga jarka mai lita 25. Ka bi abin da aka rubuta wa naka injin, ka kuma auna da mazubi, ban da ƙiyasin ido.

Nawa za ka kashe?

Farashi na tafiya da tsawon jirgi, irin ice, da lokacin saye. Da rani, sa'ad da ruwa ya ja baya, ciniki ya fi sauƙi. Wanda ya bari sai ambaliya ta zo ƙofar gida, yadda aka faɗa masa haka zai biya. Ka zaga kwata biyu ko uku, in da hali ka leƙa Yawuri, inda harkar jirage ta fi girma saboda Kogin Kwara.

Abin da sabon shiga ke mantawa shi ne kuɗin jirgi somin taɓi ne. Sabon inji sau da yawa ya fi jirgin katakon kansa tsada. Ga fetur, ga fulogi, ga kwalta da ƙusa duk shekara, ga sarƙa da kwaɗo, ga rigar ruwa ta kowane mai hawa. In kuɗinka ba su kai har rigunan ba, sayi ƙaramin jirgi ka cika da su.

Kaya nawa ne suka yi yawa?

Nan ne na fi son ka tsaya, domin lodi ya fi yoyo kisa.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse a Kogin Kwara da mutane fiye da 150. 'Yan kaɗan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta ce ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Kabi ba ta manta da wannan rana ba, kuma bai kamata mai jirgi ya manta ba.

Ga yadda abin yake. Tsaron jirgi yana cikin tazarar da ke tsakanin bakinsa da fuskar ruwa. Duk buhun da ka ƙara, tazarar nan na raguwa. In ta koma ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, igiyar ruwa ɗaya daga wani jirgi mai inji ta isa ta leƙo ciki. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka ruwan da bai wuce idon sawu ba a dogon jirgi zai iya kai nauyin mutum biyu ko uku. Mafi muni, ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi na ɗan karkata sai ya kwarara can gefen, ya ƙara danne shi. Mutane su firgita su miƙe su ruga ɗaya gefen, shi ke nan.

Saboda haka yi wa jirginka alama. Ranar da ruwa ke kwance, ɗora kayan da tsohon matuƙi ya yarda da su, ka ja layin fenti a jikin jirgi daidai inda ruwa ya tsaya. In layin ya nutse, a sauke kaya, ko na wane ne. Za a roƙe ka. Wata za ta ce, "Ɗana, ni kaɗai ce, dubi rana ta yi." Ka ce mata, "Inna, yi haƙuri, yanzu zan dawo in ɗauke ki." Sawu biyu ya fi.

Kaya masu nauyi su kwanta a ƙasa, a tsakiya. Buhun shanshera da ya jiƙa ya fi busasshe nauyi nesa, ka sa wannan a lissafi lokacin girbi. Kowa ya zauna, ban da zama a bakin jirgi. Yara a tsakiya, da rigar ruwa a jikinsu a ɗaure. Kada ka ce ai 'ya'yan Kabawa ne, sun iya iyo. Gwanin iyo ma yana gajiya, kuma wanda bai iya ba shi yake cafkewa.

Wajen tsallakawa, nufi sama kaɗan da inda za ka sauka, ruwa zai gangaro da kai. Igiyar ruwa a tare ta da goshin jirgi, kada ta same ka a haƙarƙari. A farkon damina da ƙarshenta hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, sau da yawa da la'asar. In gabas ta yi baƙi, nemi gaɓa. In kuwa ƙaddara ta sa jirgi ya kife, na katako marar inji yakan ci gaba da yawo a saman ruwa. A riƙe shi a yi ta kira, ya fi a kama iyo zuwa gaɓar da ke nesa.

Me doka ta ce?

Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa ita ce NIWA, an kafa ta a 1997, hedikwatarta na Lokoja. Ƙa'idojinta sun hana tafiyar dare, sun hana lodi fiye da kima, sun wajabta rigar ruwa, kuma jirgin haya sai da rajista. A gida kuma, ka kai gaisuwa wurin Sarkin Ruwa na yankinka. Shi ya san inda kututture ke ɓoye, da wuraren da aka hana su.

Yaya za ka sa ya daɗe?

Kwarfe shi kullum da yamma, ka wanke laka da ƙaiƙayi, domin su ke riƙe danshi. Rana da hunturu sun fi ruwa ɓata jirgin katako. In ka bar shi a kan yashi yana shan rana, katakon ya tsuke, haɗin ya buɗe. Ko dai ya zauna cikin ruwa, ko a kife shi a inuwa bisa itatuwa don kada gara ta same shi. Wanda ya daɗe a tudu a jiƙa shi kwana biyu ya kumbura kafin a ɗora masa kaya.

Sau ɗaya a shekara, kafin ruwan sama, a kankare tsohuwar kwalta, a cusa auduga ko tsumma cikin haɗin da bakin ƙarfe, a bi da kwalta mai zafi. Ice ya bushe tukuna, kwalta ba ta kama jiƙaƙƙe. Allon da ya ruɓe a cire shi ɗungum, facin kwano bisa ruɓa ɓoye ciwo ne kawai. Inji kuma a ɗaga ƙafarsa a wuri marar zurfi da cikin kainuwa, don kada yashi da ciyawa su toshe masa mashigar ruwa.

In tsere kake so fa?

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta ƙarfafa sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Kafin babbar ranar kamun kifin a gulbin Matan Fada ana yin Kabanci, wato wasannin ruwa: iyo, nutso, kamun agwagwa, kamun kifi da hannu, da tseren kwale-kwale.

Jirgin tsere siriri ne, dogo, marar nauyi, kishiyar na dako. Kada ka saye shi da niyyar kai shinkafa gida. A goge cikinsa sumul, domin ƙullutun kwalta da gansakuka suna rage gudu.

Ƙarfi kaɗai ba ya cin tsere. Matuƙa biyu da filafilansu ke shiga ruwa lokaci guda za su wuce ƙarti biyun da kowa ke bugun kansa. Na gaba shi ke ba da kari, na baya ya bi shi ya kuma riƙe hanya, don haka wanda ya fi sanin ruwa shi ke zama baya. Miƙa filafili gaba, nutsa bakinsa duka, ja da ƙugu da baya, ka fitar da shi da zarar ya zo daidai kwankwasonka. Wuce nan ɗaga ruwa kawai kake yi. In ana gangarawa, bi tsakiya inda ruwa ke gudu. In ana hawa, matsa gefe inda ya yi sanyi.

Bikin kan zo ne a Fabrairu ko Maris, don haka a fara atisaye tun bayan girbi, da abokin tuƙi ɗaya ba canji. Ku riƙa gwada tashi da kwana, nan ne aka fi yin karo. Maganar shiga gasa kuma, shugabannin masunta na garinku za ka tuntuɓa tun da wuri.