Shin Ko Kun San? Ƙarami, Kaɗan da Mitsitsi Ba Ɗaya Ba Ne

• Shin ko kun san a tashar Iyana Ipaja da ke Legas kalmar "small" ita kaɗai ke yin aikin kalmomi da yawa a Turancin Buroka? Ƙaramar jaka "small" ce, a ɗan dakata "small" ne, direba ya rage gudu "small small". A jarrabawar WAEC kuwa, kowace ma'ana da kalmarta.

• A daidaitaccen Turanci, "small" ta girman jikin abu ce, kamar ɗaki ko riga. "Tiny" ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. "Few" ta abin da ake ƙirgawa ce, irin su goro da buhuna. "Little" kuma ta abin da ake aunawa ce, kamar ruwa da gishiri, kuma akan faɗe ta don nuna ƙauna ga yaro.

• Shin ko kun san harafi ɗaya na juya zance? Mai "a little" yana da ɗan abin da zai yi maneji, mai "little" kuwa kusan hannunsa wayam.

• Hausa ma ta rarrabe tsaf. Ƙarami, ƙarama da ƙanana na girma ne da shekaru. Ƙanƙane ya fi ƙarami ƙanƙanta, mitsitsi kuma sai an ƙura ido, kamar ƙwayar gero. Kaɗan ta yawa ce, kuma tana hawa kan abin ƙirge da abin awo duka: mutane kaɗan, ruwa kaɗan.

• Shin ko kun san "ƙarami" na nufin matsayi ma? Iyana Ipaja tana cikin Ƙaramar Hukumar Alimosho, wadda ƙidayar 2006 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a Jihar Legas, da mutum sama da miliyan ɗaya.

• "Ɗan" da "'yar" suna sassauta magana. Tsaya a teburin mai shayi a Agege da safe ka ji: "Malam, ɗan ƙara mini sukari." Ladabi ne ya sa aka saka "ɗan" ɗin, don kada roƙo ya zama umarni.

• Maƙwabtanmu Yarbawa su ma sun raba biyun: "kekere" ta girma, "die" ta yawa.

• Shin ko kun san "pikin", wato yaro a Buroka, ta samo asali ne daga kalmar Fotugal mai nufin ɗan ƙanƙane? Jiragen ruwan Fotugal sun fara zuwa gaɓar tekun Legas tun ƙarni na 15, kuma sunan Legas kansa daga harshensu ya fito.

'Ya'yanmu a Agege suna tasowa da harsuna huɗu a baki: Hausa, Yarbanci, Buroka da Turancin makaranta. Wannan arziki ne babba. Iyaye, a riƙa gyara musu a gida, domin yaron da ya san bambancin ƙarami da kaɗan ba zai sha wahalar raba "small" da "few" a aji ba.