Sufacaja Ko Turbo: Ƙarin Ƙarfin Mota Ba Ya Zuwa A Banza

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayani a kan wata gardama da ta kaure a garejinmu, wadda na ga amfaninta ya wuce bakin gareji.

Wani yarona ne ya zo da waya yana nuna mana bidiyon Amurkawa masu ɗaukar mota su ƙara wa injinta ƙarfi. Nan take yara suka rabu biyu, wasu suka ce sufacaja ce gaba, wasu suka ce ai turbo ba shi da na biyu. Da na tambaye su bambancin, sai kowa ya yi tsuru-tsuru.

Da farko dai, irin motocin da ake magana a kansu na Amurka ne, masu ƙaton inji mai silinda takwas. Yayinsu ya tashi ne a 1964 da fitowar Pontiac GTO, daga baya irin su Dodge Charger suka biyo. Tsadar mai ta 1973 da dokokin hana hayaƙi suka karya kasuwarsu, amma har yau akwai masu saye su gyara, su yi tsere da su.

To jama'a, inji kamar murhun maƙera yake. Komai yawan gawayi, in babu iska wuta ba ta kamawa. Injin fetur yana buƙatar iskar da ta ninka nauyin fetur sau 14.7 kafin ya ƙone shi sarai. Saboda haka wanda ke son ƙarin ƙarfi dole ya cusa wa inji ƙarin iska, sannan ya ƙara mai. Sufacaja da turbo duk zugazugai ne, aikinsu ɗaya. Hasali ma tsohon samfurin sufacaja, wanda wasu wa da ƙane da ake kira Roots suka yi wa rajista a Amurka a 1860, don zuga wutar narka ƙarfe aka fara ƙera shi. Inda suka bambanta shi ne, wa ke yin zugar?

Ita sufacaja, bel ne ke juya ta daga jikin inji, kamar yadda fanbel ke juya famfon ruwa. Da ka taka totur ƙarfi ya zo, babu jira. Ɗaura ta ma ya fi sauƙi, don galibi a saman inji take zama. Aibinta shi ne daga cikin ƙarfin injin take ci, kamar ɗan zugan da ake biyansa daga cinikin maƙeri. Shi ya sa take shan mai. Dodge Challenger Hellcat ta 2015 mai inji lita 6.2 da sufacaja ta kai ƙarfin doki 707, kuma an daina ƙera ta a ƙarshen 2023.

Shi kuwa turbo, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi masa rajista a 1905. Hayaƙin da zai fita ta salansa a banza shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai tura iska. Wato kala yake yi a gonar da aka gama girbe. Don haka ƙaramin inji kan yi aikin babba. A 1987 Buick GNX mai silinda shida kacal da turbo ta sha gaban motoci masu silinda takwas da yawa. A 2015 kuma Ford ya fitar da Mustang mai silinda huɗu, lita 2.3, mai ƙarfin doki 310.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Turbo yakan yi ɗan jim kafin ya kama, sai hayaƙi ya taru, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Fankarsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da kan sa ƙarfe ya yi ja, kuma baƙin man inji ne ke raya shi. Ɗaura shi a tsohuwar mota aiki ne ja: sauya bututun salansa, jawo masa hanyar baƙin mai, da sa masa na'urar sanyaya iska.

To wanne ya kamata mai irin wannan mota ya zaɓa? A nawa ganin, wanda ke yawo a cikin gari, yana son mota ta amsa da zarar ya taɓa ta, kuma ba ya son a yi wa injinsa fiɗa, ya ɗauki sufacaja. Wanda burinsa ƙarfi mafi yawa a doguwar hanya ko filin tsere, kuma yana da ƙwararren bakanike da kuɗin biyansa, ya ɗauki turbo. Ko wanne aka ɗauka, sai an duba fistin, giya, lagireto da birki, kuma sai an sami fetur mai kyau, in ba haka ba inji ya riƙa ƙwanƙwasa har ya fashe. Ƙara wa mota gudu ba a ƙara mata birki ba, ai sayen likkafani ne.

Wani zai ce, Malam, mu da muke fama da kuɗin taki da na haya, ina ruwanmu da wasan Amurkawa? Da ruwanmu mana. Yawancin tirelolin da ke kai hatsinmu da shanunmu Kudu turbo gare su, haka taraktoci da dama, haka kuma ƙananan motoci 'yan Kwatano da yawa na shekarun nan. Bara wani ɗan kasuwa, abokin cinikina, ya sayar da amfanin gonarsa ya sayi irin wannan mota. Dillali ya ce masa ga gudu ga rashin shan mai, bai gaya masa tana da turbo ba. Ya riƙa zuba mata baƙin man kwalba na bakin titi. Ko wata biyar ba a yi ba ta fara zubar da shuɗin hayaƙi. Kuɗin gyaran wallahi sai da ya taɓa jarinsa, mota kuma ta yi makonni a kafe ana neman kaya.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa, kafin ku biya kuɗin mota ku tafi da bakanikenku ya buɗe bonet. In mai turbo ce, ku tambaya ko akwai kayanta da mai gyaranta a kusa da ku. Ku sa baƙin man da kamfanin motar ya ce, ku yi juye a kan lokaci, ku riƙa tsabtace matatar iska musamman da hunturu. Da safe kada ku fizge ta tana sanyi, in kuma kun dawo daga doguwar tafiya ku bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin ku kashe. Su kuma dillalai, don Allah ku ji tsoron Allah ku riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin mota.

Allah ya ba mu sa'a, ya kiyaye hanya, amin.

Naku,
Wani bakanike mai karanta jaridarku,
Kano.